Takin Suruki a Garkar Wake

Kai Nasiru, mi ka ce? Sake faɗi in ji da kunnena. Wai wake ba shi da wuya, ka tona rami ka jefa, Allah shi yi sauran. To madalla. Kun zo ku uku, kowa da waya a hannu, kun ga wani mutum a cikinta ya tara shara a bokiti kwana ashirin ta zama taki, don haka in ɗebo maku irin wakena ku je bayan gida ku gwada. Ku gwada! Irin da na yi shekara talatin da ɗoriya ina riƙo, shi za a yi gwaji da shi. Ku zauna kan tabarmar nan. Ɗiyan ƙannena ne ku, ba ni korar ku, amma sai kun ji abin da garkar nan ta ci mani kafin ku taɓa ƙwara guda.

Aikin farko da Kawu Bawa ya ba ni, tsintar shara ne. Kawu Bawa wan mahaifiyata ne, shi ya fara kewaye wannan fili na bayan gida da darni ya mai da shi garka, tun nan Kwargaba ba a san leda ba. Na zo mashi da ƙarfina, na ɗauka zai miƙo mani kalme in fara noma. Sai ya kai ni gaban juji ya ce in zauna in ware: fasasshen kwalba gefe, tsumma gefe, tsohon batir gefe, abin da zai ruɓe shi kaɗai zai shiga rami. Wata biyu ina wannan aikin, mutane na wucewa suna yi mani sannu da fuskar tausayi kamar wanda ya taɓu. Ranar da na ce na gaji, ya ɗebo ƙasa daga wajen darni ya zuba mani a hannun dama, ya ɗebo ta ciki ya zuba a hagu. Ta waje farin yashi ce, ta zube ta tsakanin yatsu. Ta ciki baƙa, mai sanyi, na damƙe ta ta tsaya dunƙule. Ya ce, "Duk ɗaya suke ran da na zo. Koma ka ci gaba da tsinta."

Ramin taki kuwa, wanda kuke cewa bokiti, nawa ga shi can gindin dogon yaro, zurfinshi ya kai mani ƙugu. A ƙasa ana shimfiɗa karan gero da anka sassara, a bi shi da sharar turke, kashin awaki da na tumaki da ragowar abin da sunka tattake. Sai ɗanyen ganye, sai toka kaɗan, sai a rufe da ƙasa a yayyafa ruwa, a sake komawa farko har rami shi cika. Ruwan ma ba kwarara shi ake yi ba. Ka damƙa ka ji danshi, amma kada ya ɗiga. Kuma a rani ake wannan aikin, lokacin da kowace guga sai ka ja ta da ƙirjinka daga rijiya. Duk Juma'a biyu ka shiga da manjagara ka juye shi gaba ɗaya, na ƙasa shi komo sama, tururi na dukan fuskarka, wari na bin ka har masallaci. Kawu na da wani rodi da yake cakawa a tsakiya. In ya zaro ya taɓa ya ji zafi har ya janye hannu, sai ya ce taki na dahuwa. In ya ji sanyi tun wata bai cika ba, to ranar ba ni da sauran mutunci. Wannan zafin shi ne dukan sirrin, shi ke kashe ɗiyan ciyawa da ƙwan tsutsa da duk wata cuta da dabba ta ci ta kasayar. Wata huɗu ake yi, sai warin ya tafi, ya koma ƙamshin ƙasa.

Shekarar da ya ware mani kunyoyi biyu a garka in shuka nawa na kaina, na ce yau zan nuna ma tsohon nan. Na bi bayan idonshi na lafta masu taki ninki uku. Wake ya fito kamar hauka, ganye faffaɗa, ya yaɗu har ya hau darni, ina tafiya ina ɗaga kafaɗa. Kaka ta zo, kowa na roro, ni ina ɗaga ganye ina leƙe, babu ɗiya sai ɗaya nan ɗaya can. Kawu ya zo ya tsaya ya duba, ya ce, "Sanda, awaki sun ce in yi maka godiya." Ranar na san wake ba shi son ƙoshi. In ka cika shi da abinci sai shi yi ta harawa shi manta da abin da anka shuka shi dominshi. Wannan yana cikin wayar taku? Ba shi ciki, na sani.

Irin kuma da kuke roƙo, na Kawu ne, shi ma wurin tsohonshi ya same shi. Fari ne ƙal, ƙwarar manya, bawonshi na fita da ka jiƙa shi. Akwai wata mai ƙosai a Achida, Kulu, bakin hanyar da motocin Sakkwato ke tsayawa, shekara da shekaru ba ta suya da wani wake in nawa na nan. Ta ce ƙullunshi na tashi ba sai an sha wahalar bugu ba, kuma ba shi shan mai. Amma kada ku ɗauka don haka tana raga mani. Duk ran da na kai, sai ta tsoma hannu har gindin buhu, ta ɗauko ƙwara ta ciza, ta ce, "Malam Sanda, wanga bai bushe ba." Wake na ƙara a haƙorinta kamar tsakuwa, wai bai bushe ba! Masu alala ma haka, masu garau-garau haka, kowa da ƙorafinshi, kuma kowa gobe shi ne farkon zuwa. Na iri dabam nake ware shi, daga kwanson da sunka fi tsawo, in shanya shi kwana da kwanaki, in gauraya da toka da busasshen barkono in zuba a tulu in liƙe bakin da laka. Kuskure guda, ƙwari su mai da maka shi gari kafin bazara.

To yanzu ku saurara, ga shekarar da na kusa rasa ƙasar da irin gaba ɗaya. Ba shekarar fari ba ce, ba kuma wadda gulbi ya cika ya kwashe gonakin fadama har wajen Goronyo ba, waccan ruwa bai iso mu ba. Kyauta ce ta yi mani wannan aikin.

Kawu ya riga ya rasu, garka ta komo hannuna. Wata safiya a ƙarshen bazara, ina cikin gyara kunyoyi, sai na ji sallama da kukan jakai. Na leƙa, sai ga surukina, mahaifin Innarku Hajo. Ni Baba nake ce mashi, sunanshi bai taɓa fita bakina ba. Mutum ne mai kiwo, tumakinshi sun fi na kowa a ƙauyensu, amma noma bai dame shi ba, harawa ma saye yake yi daga wata gona can wajen Rabah. Ya taho da jakai shida, kowane da mangala cike, da mutum biyu masu kora su. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya ce, "Malam Sanda, na share turke, na ce wa zan kai ma in ba kai ba. Ku shiga da su, ku zube mashi a kan kunyoyin, kada shi sha wahalar ɗauka."

Mangalar farko na zubewa na ga abin. Ɗanyen taki ne, ko kwana bakwai bai yi a tare ba, cike da ragowar harawa. Cikin harawar kuma ga busassun karare 'yan sirara, baƙi-baƙi, da 'yan ƙunduna a jikinsu. Wuta-wuta! Ku da ba ku san ta ba, wata muguwar ciyawa ce da ba ta da saiwar kanta, saiwar wake take kamawa ta ƙarƙashin ƙasa ta tsotse shi. Ɗiyanta sun fi garin tuwo laushi, kuma suna iya kwanciya a ƙasa shekaru suna jiran ran da za a shuka wake. Na gani da idona. Kuma mi na ce? Na ce, "Na gode, Baba. Allah shi ƙara arziki."

Kada ka yi mani wannan kallon, Nasiru, ba ka yi aure ba tukuna. Mutumin da ba ka iya kallon fuskarshi, ba ka cin abinci gabanshi, in kun haɗu a hanya sai ka tuɓe takalmi, shi za ka ce ma kyautarka cuta ce, gaban masu jakai? Na ce a raina bari shi tafi in kwashe da manjagara in kai rami. Sai tsohon nan ya nemi inuwa ya zauna. Ya ce ma mutanen su ɗauki kalme su baje shi su gauraya da ƙasa, don alheri a cika shi. Ina tsaye ina kallo sunka bi kunya-kunya sunka turbuɗe shi. Da la'asar hadari ya haɗo, ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Gari duk ana murna, ni ina bakin darni kamar in kurma ihu.

Duk da haka na shuka, na ce wataƙila Allah shi tsare. Kuma don wauta, tulun iri kusan duka na juye. Wake ya tsiro lafiya, ya yi wata guda shar. Daga nan ganye ya fara rawaya, ya tsaya cak, sai ga wuta-wutar tana ɓullowa a gindin kowane, biyar, goma, da ɗan furenta mai ruwan shuni kamar abin kirki. Na cire da safe, da marece wasu sun fito. Abin da na rora a kakar nan, garkar da ke cika mani buhuna, bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Kulu ta aiko har sau uku, daga baya ta daina aikowa. Baƙin cikin da na yi, ko rasuwar Kawu ban yi irinshi ba, don wannan da bakina na ja ma kaina.

Na ce ma Hajo ta je ta gaya ma mahaifinta cikin dabara. Ta ajiye muciya ta dube ni ta ce, "Ni? In je in ce ma Baba kyautarshi ta kashe garka? Kai da ke da gemu kana wurin ka yi godiya, ni za ka tura?" Na bar maganar. Da Baba ya tare ni a wurin wani suna ya tambaye ni yaya kaka, mi kuke tsammani na ce? Na ce, "Ƙasa ce ta gaji, Baba." Ya girgiza kai ya ce Allah shi kyauta.

Ƙasa ta gaji! Bazara na zagayowa, sai ga kukan jakai. Wannan karon goma. Tsoho ya ji ƙasar surukinshi ta gaji, ya share turkenshi da na ƙanenshi ya haɗo.

Ƙofar garka ɗaya ce, 'yar tsukakka, jaki guda ke wucewa. Na ruga na durƙusa a tsakiyarta na fara gaisuwa. Ina kwana, Baba. Ina gajiya. Ina gida, ina Inna, ina dabbobi. Ya amsa. Na sake ɗaukowa daga farko. Ya amsa. Na ɗauko ta uku, jakin gaba na hura mani hanci a wuya. Ya ce, "Malam Sanda, gaisuwa ta isa haka. Kauce su wuce."

Na ce, "Baba, ba su wucewa."

Masu jakai sunka tsaya. Ban ɗaga kai ba, ƙafafun Baba kawai nake gani. Ya ce, "Mi ka ce?"

Na miƙa hannu cikin mangalar da ke kusa, na lalubo karan nan guda, na murje ƙundun a tafin hannuna na miƙa mashi. Na gaya mashi mi ce ce, da inda ta fito, da abin da ta yi ma waken bara. Na faɗi duka. Ya dubi baƙin garin nan. Sannan ya ce, "Bara ka gan ta?"

"Na gan ta, Baba."

"Tun a mangalar farko?"

"Awo."

"Ka gani, ka ce mani Allah shi ƙara arziki? Ka bar ni na zauna a inuwa ina sa a turbuɗe ta?"

Na ce, "Kunya, Baba."

Ya buga sandarshi a ƙasa. "Kunya! Ni ka ji kunyata, ƙasar da Bawa ya ƙare ƙarfinshi a kanta ba ka ji kunyarta ba? Ashe sakarai na ba ɗiyata!" Ya juya ga masu jakai ya ce, "Ku kuma mi kuke kallo? Ku tambaye shi inda ramin yake." Sunka zagaya ta bayan darni sunka juye a rami, inda ya kamata na bara ya shiga. Da sunka gama ya ce, "To, yaya ake kashe ta?"

Maganinta guda na sani, Kawu ya taɓa gaya mani. Ka sayo waken banza a kasuwa ka shuka ya zama tarko. Ɗiyanta su ji saiwa su farka su fito, kai kuma ka tumɓuke su da waken duka kafin su yi fure, ka ƙone. Ka sake shukawa, ka sake tumɓukewa. Kana noma, kana zuba dafaffen taki, ba ka girbin komi. Irin Kawu kuwa, tunda wake ba shi daɗewa a tulu bai mutu ba, dole duk damana in shuka shi, sai na koma shuka shi cikin fasassun tukwane da tsofaffin kwanoni, da ƙasar da na tankaɗe daga tsohon rami, na jera su kan katanga inda awaki ba su kai. Abin da garka guda ke riƙewa ya komo tukwane goma sha wani abu. In tsutsa ta faɗa masu shekara ɗaya, ko ƙwari sunka shiga ɗan abin da na tara, shi ke nan, irin ya ƙare a hannuna.

Na ɗauka na gama da Baba. Ina! Damana na sauka sai ga shi da hantsi, da sandarshi da 'yar kujera. Ya ce shi ya kawo wuta-wutar, shi zai fitar da ita. Mutum ya haura saba'in, gwiwa ta ƙi, shina jan kujera daga gindi zuwa gindi shina tsinta. Na ce ya huta, ya ce in kama bakina tunda na iya kamawa. Kun san mi ake nufi da noma da suruki a garka? Damana uku ban tuɓe riga ba, zufa na bin bayana. Ƙishirwa ta kama ni sai na zagaya bayan darni in sha ruwa kamar ɓarawo. Hajo ta kawo fura, in ce na ƙoshi, cikina na kuka. Ya taka mani yakuwa da sandarshi, in ce ba komi. Ga gardama! Mutumin da bai taɓa noma kunya guda ba, shi ke gaya mani ramina ya yi zurfi, tokata ta yi yawa, tukwanen iri rana ta yi masu yawa in matsar, in na matsar ya ce inuwa ta yi yawa. Amma idonshi, wallahi ya fi nawa. Tun tana ɗan tsinke ƙarƙashin ganye zai hango ta ya ce, "Ga wata 'yar banza nan." Kuma kullum kafin shi tafi sai ya bi tukwanen nan ɗaya bayan ɗaya ya leƙa.

A damana ta uku da fara tarkon, garka duka wuta-wuta guda bakwai munka samu. Na ce baɗi zan mai da irin Kawu ƙasa. Ya ce in ƙara shekara. Na ce iri na raguwa a tukwane, ƙwarar ma ta fara ƙanƙancewa. Ya ce gaggawa ce da ni. Ranar dai har na ɗaga kai na kalle shi, munka yi ta yi, Hajo na leƙe ta kan katanga tana salati. Bai ga baɗin ba. Ciwo ya kwantar da shi a tsakiyar rani, kafin ruwa shi sauka munka kai shi makwancinshi, Allah shi jiƙanshi.

Na raba irin biyu, rabi a tukwane, rabi na shuka a ƙasa. Kullum da hantsi ina bin gindi-gindi ni kaɗai. Guda huɗu na cire a damanar duka. Wake ya yi fure, ya yi ɗiya, kwanso ya bushe ya fara ƙara in iska ta kaɗa. Ba wani abin kirki na samu ba, ƙwarya biyu ce da 'yan kai, amma fari ƙal, manya, irin na da.

Kun san ƙwaryar farko ta kaka gidan surukai take zuwa. Na cika guda na rufe da faifai na ɗauka da kaina har ƙauyensu. Na yi sallama, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Inna, matarshi, na tura ƙwaryar ciki. Na ji ta buɗe faifan, na ji hannunta na motsa waken. Can sai ga ƙwaryar ta turo mani ita waje, a rufe yadda na kawo.

Ta ce, "Malam Sanda, ya bar mani saƙo tun shina kwance. Ya ce ya san ba ka jin magana, bana za ka shuka. Ya ce in ya yi, za ka kwaso ka kawo nan don kunya, kuma in ka kawo kada in dafa ko ƙwara guda. Ya ce in ce maka iri ne, ka koma da shi ka liƙe a tulu."

Tsohon nan, har ya tafi bai bar yi mani gardama ba. Na buɗe baki in yi godiya, sai hawaye, ni da furfurata a ƙofar ɗakin surukuwa. Na ɗauki ƙwaryata na komo gida, kuma a kakar nan ko ƙwara ɗaya ba mu dafa ba.